Soket ɗin ɗakina ya ƙone, zan iya canja shi da kaina ko dole sai mai wayarin?

ɗan_auta:

Assalamu alaikum 'yan uwa, dan Allah ina neman shawarar waɗanda suka san harkar wuta. Akwai wani soket a ɗakina da nake jona dutsen guga da hita a jiki, kusan wata biyu kenan in na zare fulog sai inji ƙarfen da zafi har bana iya riƙewa, ni kuma ban ɗauke shi komai ba na zaci haka yake tunda guga ake yi. To shekaranjiya da daddare ina cikin guga sai naji wari kamar ana ƙona roba, ga wata 'yar ƙara cir cir cir daga cikin bango, nayi sauri na kashe na zare, da na haska da fitilar waya sai naga ramin dama yayi baƙi ƙirin har farar robar ta narke ta lotsa ciki. Tun ranar ban ƙara jona komai ba.

Na riga na sayo sabo irinsa mai 13A, wato ampiya 13, ina da sukundireba da filaya da testa irin mai ɗan ƙwai ɗin nan da ake dafa wa yatsa a gindi. Zan iya canjawa da kaina ko kuwa ganganci ne?

Na biyu kuma holdar ƙwan silin ɗin ɗakin itama ta tsufa, robar ta bushe tana marmashewa, ina so in haɗa in canja duka rana ɗaya. Amma gaskiya ita tsoronta nake ji, dan bara da na hau kujera zan gyara zaman ƙwan wuta ta ɗan ja ni a yatsa alhali makunnin a kashe yake, na tabbata a kashe yake dan ni na kashe da hannuna. Kuma ƙwan LED ɗin da ke jiki ko an kashe baya mutuwa gaba ɗaya, cikin dare zaka ga yana wani haske dishi-dishi. Ko akwai alaƙa tsakanin abubuwan biyu? Nagode.

yaro_mai_sauri:

wslm. ba wani abu bane malam, kawai ka bari sai an dauke wuta ka kwance, ja a wajen ja baki a wajen baki ka daure shikenan ko minti biyar bazai dauke ka ba. ni duk na gidanmu ni nake canjawa kuma ko testa ban cika amfani da ita ba, har yau lafiya lau

Baba_mai_wayarin:

Wa alaikumus salam. Kafin in amsa wa mai tambaya, ɗana yaro_mai_sauri don Allah ka janye wannan magana, kada wani ya karanta ya bi. Wutar da aka ɗauke ba kai ka kashe ta ba, kuma wanda zai dawo da ita bai san hannunka na cikin bango ba. Wannan hanyar ta kwantar da mutane da yawa, wasu ba su tashi ba. Cewa har yau lafiya lau Allah ne ya kiyaye, ba dabara ba ce.

To ɗan auta, na fi shekara talatin ina wannan sana'a, kuma gaskiyar magana canja soket da irinsa ba abu ne mai wuya ba, mai natsuwa zai iya. Abin da ke kashe mutum ba ɗaurin wayar ba ne, zaton cewa babu wuta alhali akwai shi ne. Saboda haka rabin aikin duk a kan tabbatarwa yake.

Ka je akwatin bireka ka kashe. In ka san birekar da ke riƙe da soket ɗin ɗakin to, in ba ka sani ba ko rubutun da ke jiki ya goge kashe babbar gaba ɗaya, ni ma na fi son haka ga wanda bai saba ba, ka yi aikinka da rana ga haske. Ka manna salatif a kanta ka rubuta kada a taɓa, ka faɗa wa duk wanda ke gidan baki da baki har yara, in akwatin na da makulli ka kulle ka sa a aljihu. In tsohon yayi ne mai fis, zare fis ɗin ka tafi da shi. Na taɓa ganin inda mutum yana sama yana aiki wani ya shigo gidan ya ga duhu, da kyakkyawar niyya ya je ya ɗaga bireka.

Sai gwaji. Wannan testar mai ɗan ƙwai ban yarda mutum ya ɗora ransa a kanta ba. Da jikinka take aiki, wuta ce 'yar kaɗan ke bi ta yatsanka zuwa ƙasa ƙwan ya kama, to in kana kan tsanin katako busasshe ko da takalmin roba mai kauri ko rana ta haske wurin, za ta iya kamawa dishi-dishi ba ka gani ba ka ce babu. Ka nemi mita mai wayoyi biyu, ko aro ne, ka juya ta wajen AC, wato ma'aunin wutar gida, kan volt 600 ko 750. Tun kafin ka kashe bireka ka fara gwada ta a soket mai aiki ka ga ta nuna wajen 230. Bayan ka kashe ka kwance notin fuska biyu ka jawo soket ɗin a hankali ba tare da ka taɓa ƙarfe ba, ka gwada sau uku: tsakanin laif (wayar da ke kawo wuta) da nutural (mai mayar da ita), laif da atin (wayar kariya mai zuwa sandar ƙasa), nutural da atin. Duk ukun su nuna sifili. Sannan ka ƙara tabbatar mitar ba mutuwa ta yi a hannunka ba, ko wayarta ta zare, domin mitar da ta lalace ita ma sifili take nunawa. In ka kashe komai babu inda za ka sake gwada ta, akalla ka juya ta wajen ƙara ka haɗa bakunan biyu ka ji ta yi kuka. Sai an gwada akan san na ƙwarai, har ita kanta mitar.

Kafin ka kwance waya ko ɗaya ɗauki hoto da wayarka, biyu ko uku ma. A bayan sabon soket za ka ga haruffa L da N da E. Su za ka bi, kada ka bi wuri, domin wani kamfanin yana sa L a hagu wani a dama wani a tsakiya, in ka ce inda na cire nan zan mayar sai ka juya su. Laif ja ce a tsohon launi, ruwan ƙasa a sabo, ita ke shiga L. Nutural baƙa ce a tsoho, shuɗiya a sabo, N. Atin kore ko kore da rawaya, wani lokaci tsirara babu roba, E.

Yanzu ga inda mutane ke kuskure a irin naka da ya ƙone. Ba soket kaɗai ya ƙone ba, bakin wayar ma ya sha wuta. Za ka ga tagullar ta yi baƙi ko ta yi wani ja-ja mara sheƙi, robar kusa da ita ta yi tauri in ka lanƙwasa ta tsage. Kada ka mayar da wannan cikin sabon soket, wata ɗaya ba za a yi ba zai sake ƙonewa. Ka yanke har sai ka kai inda tagulla ke ƙyalli roba kuma na da laushi, ka fere daidai zurfin ramin, wajen santimita ɗaya, kuma ka kula kada filaya ta ciji tagullar domin nan take karyewa daga baya. In waya ɗaya ce siririya ninka bakin biyu noti ya sami abin kamawa. Ka ɗaure tamau, noti ya hau kan tagulla ba kan roba ba, kuma kada tagulla ta leƙo waje. Sai ka ja kowace waya da hannu ka ji ko za ta zame. Wannan jan shi ne aikin, kada ka tsallake shi.

In ka yanke ka ga wayar ta gajarce ba ta kai ba, kada ka murɗa wata ka naɗe da baƙin salatif ka cusa a bango, tsaya nan ka kira mai aiki. Haka in ka ga wayar fara ce kamar alminiyom, ko akwai danshi a cikin akwatin, ko robar na zuba kamar gari har can ciki, ko mita ta nuna wuta bayan ka kashe babbar bireka. Waɗannan sun wuce canja soket.

Wajen mayarwa ka lanƙwasa wayoyin su kwanta a baya, kada notin fuska ya huda ɗaya. Kuma ka duba fulog ɗin dutsen gugar, in ƙafarsa ta yi baƙi ko ta ciccije ka canja shi shi ma, in ba haka ba shi zai cinye maka sabon soket.

Maganar fitila kuwa kada ka taɓa ta tukuna, abin da ka faɗa bai kwanta min ba, zan dawo kanta. Sannan in gidan haya kake ka sanar da mai gida, kuma akwai ƙasashen da doka ta ce sai mai lasisi zai yi irin wannan aiki, kowa ya san dokar inda yake.

Maman_biyu:

Baba Allah ya saka da alheri, wallahi na ƙaru. Ni abu ɗaya zan ƙara dan a gabana ya faru kuma har yau in na tuna sai gabana ya faɗi. Ƙanina dan Allah in kuna da inbata ko sola ko janareto a gidan ka tuna da su, kashe babbar bireka baya kashe su.

Maigidana ne zai canja fitilar falo, mutum ne mai kula sosai ba mai garaje ba, ya je ya kashe babbar bireka, firij ya tsaya fanka ta tsaya, fitilar kuma dama ƙwan ya mutu balle a gane, ya hau kujera ya kwance. Ashe wanda ya haɗa mana inbata ya ware layin fitilu ya kai su wani ƙaramin akwati daban a bayan ƙofar sito, mu bamu ma san da shi ba, kuma aikin inbata kenan ai, da ta ji wuta ta ɗauke sai ta karɓa nan take ko ƙiftawa ba a gani. Ina tsaye ina riƙe masa noti a tafin hannu sai naji yayi wata irin ƙara da ban taɓa ji daga bakinsa ba, hannun ya ƙanƙame a jikin ƙarfen fitilar, kujerar ce ta goce ya faɗo shine ya rabu da ita. Ni kuma na riga na miƙa hannu zan cafko rigarsa, da bai faɗo ba da mu biyu zata haɗa, ga yara a ɗaki.

A asibiti suka ce ko mutum ya miƙe yana cewa ba komai a kawo shi, dan wuta tana iya rikita bugun zuciya, sai da suka yi masa gwajin zuciya suka wanke ƙunar da ke yatsunsa biyu, 'yar ƙarama ce a ido amma ta daɗe bata warke ba. Nan ne aka koya min cewa in wuta ta kama mutum ba a taɓa shi da hannu, a ruga a kashe daga tushe, in ba hali a ture shi da busasshen katako ko sandar roba kana tsaye a busasshen wuri, in baya numfashi a kira taimako a fara danna ƙirji ba tsayawa. Kuma in soket ya kama da wuta ba a watsa ruwa.

Tun daga ranar in za'a taɓa ko ƙwai ne sai an kashe inbata da kanta an kashe birekar da ke fitowa daga ita, canjoba kuma, wato makunnin da ke sauya gida daga wannan wuta zuwa waccan, a ajiye shi a tsakiya. Kuma ya cire zobe da agogo, wannan ni nake tsayawa a kai.

ɗan_auta:

Subhanallah, Allah ya ƙara kiyayewa Hajiya, ya ba maigida lafiya mai ɗorewa. Mu bamu da inbata amma akwai ƙaramin janareto, na tabbatar a kashe yake na zare wayarsa ma gaba ɗaya.

Baba na bi yadda kace, na aro mita wajen wani abokina. Kafin in kashe ta nuna 226, bayan na kashe babbar bireka duk ukun sifili. Da na jawo soket ɗin wallahi ko taɓa notin L ban yi ba jar waya ɗaya ta zame ta fito da kanta, notin a sake yake kwata-kwata, bakin wayar yayi baƙi kamar gawayi kusan rabin yatsa. Amma ga abin da ya ɗaure min kai, jajaye biyu ne baƙaƙe biyu, ba ɗaya ɗaya ba. Sannan kore guda biyu suna nan an naɗe su an cusa can ƙuryar akwatin, ba'a haɗa su da komai ba, ramin E ɗin tsohon soket ɗin fanko ne. Na rufe bakunan da salatif na bar birekar soket a kashe na kunna sauran, ina jiran amsa kafin in ci gaba. Hoto na ɗauka guda huɗu.

Injiniya_Z:

Malam ɗan auta ka yi daidai da ka tsaya. Kafin Baba ya dawo bari in ɗan yi bayanin dalilin abin da ka gani, dan in mutum ya gane dalili baya mantawa.

Noti in ya saki, wutar bata samun wadatacciyar hanya, sai ta matsu ta ɗan wurin da tagulla ke taɓa ƙarfe, nan zafi ke taruwa. Lissafin shine ampiya sau ampiya sau turjiyar wurin, wato yadda wurin ke tare wa wuta hanya, da ohm ake auna ta. Ka ɗauka dutsen guga na jan ampiya 10, mahaɗar da ta saki kuma ta kai rabin ohm kacal, 10 sau 10 sau rabi ya ba ka wat 50. Wat 50 a wuri kamar ƙwayar wake, a cikin roba, a rufe cikin bango. Zafin yana sa tagulla ta yi tsatsa baƙa, tsatsar ta ƙara turjiya, turjiya ta ƙara zafi, haka abin ke ciyar da kansa har ranar da ka ji wari. Kuma bireka ba zata faɗi ba dan a wajenta ampiya 10 ba laifi bane. Shi yasa fulog mai zafi ba abin rainawa bane, saƙo ne tun wata biyu da suka wuce.

Sai nauyin da kake ɗora masa. Soket mai 13A a kan volt 230 iyakarsa wajen wat 3000 ne, 13 sau 230 ya ba da 2990. In dutsen gugarka 2000 ne hita 1500, ka haɗa su da adafta a rami ɗaya, ka kai 3500, sama da ampiya 15. Ka duba rubutun da ke jikin kowanne ka daina kunna su tare. Wayar soket yawanci mai kaurin 2.5 ce a ma'aunin murabba'in milimita, ta fitila 1.0 ko 1.5, in ka ga siririyar wayar fitila aka ja wa soket wannan ma matsala ce ta daban.

Abin da na fi so mutane su gane shine bireka ta yau da kullum, mai ampiya 6 ko 16 ko 20 ko 32, waya take karewa daga ƙonewa, ba mutum ba. Mutum yana fara jin wuta tun daga wajen miliampiya 1, wato kashi ɗaya cikin dubu na ampiya. Wajen 10 zuwa 15 tsokar hannu ke ƙanƙamewa ka kasa saki, irin abin da Hajiya ta gani. Daga 50 zuwa 100 in ta ratsa ƙirji tana iya birkita zuciya. Jiki mai gumi ko jiƙe turjiyarsa na iya sauka kusan ohm 1000, a kan 230 kenan miliampiya 230 zata bi ta jikinka, ko rubu'in ampiya bata kai ba, bireka mai 20 ko motsi ba zata yi ba. Abin da ke kare mutum shine RCD mai 30mA, wata irin bireka ce mai faɗuwa a miliampiya 30, tana auna abin da ya fita ta laif da abin da ya dawo ta nutural, in ta ga gibi ta yanke cikin ƙasa da daƙiƙa ɗaya. Ka duba akwatinku, in akwai mai ɗan maɓalli da aka rubuta T ita ce, a riƙa danna shi duk bayan wata 3 zuwa 6 a ga ta faɗi. In babu, ya cancanci a saka. Amma ko ita bata ganin noti da ya saki, kuma ba lasisin aiki da wuta a kunne bace.

Ƙarin jan kunne kan launi ga masu koyo a bidiyo. A Amurka baƙar waya ita ce laif, fara ce nutural, kuma wutarsu ta soket volt 120 ce. A tsohon tsarin Ingila baƙa nutural ce. Ita kanta Ingila ta koma ruwan ƙasa da shuɗi tsakanin 2004 da 2006, shi yasa gida ɗaya zaka iya samun launi iri biyu in an yi ƙari daga baya. To ka ga launi ɗaya ma'ana biyu masu karo da juna, balle kuma wanda ya yi wayarin ya ƙare da abin da ya rage masa a hannu. Launi alama ce kawai, mita ce shaida.

Baba_mai_wayarin:

Madalla da injiniya, ya hutar da ni. Ɗan auta ka gani ko, noti ne. Jajaye biyu da baƙaƙe biyu ba matsala ba ce, wuta ce ta shigo nan ta wuce soket na gaba. Duka jajayen su shiga L tare, duka baƙaƙen N tare, ka fere su tsawo ɗaya ka tabbata noti ya kama biyun, ka ja kowace ita kaɗai domin sau da yawa ɗaya ta kamu ɗaya na lilo. Koren biyu ka warware su ka sa a E, in tsirara ne ka zura musu robar kore da rawaya, in akwatin na ƙarfe ne kuma yana da ɗan notinsa ka ja guntuwa zuwa can. Sai dai ka sani haɗa su ba ya nufin atin ɗin gidan na aiki, wanda ya bar su a naɗe a nan mai yiwuwa haka ya yi ko'ina, wannan sai an auna da na'ura.

Fitila kuma. Ƙa'ida makunni laif yake yankewa. In aka yi kuskure aka sa shi kan nutural ƙwai zai mutu ya kama kamar komai lafiya, amma laif na zaune a holda dare da rana. Hasken dishi-dishi kaɗai ba hujja ba ce, makunni mai ɗan haske a jiki yana sa haka, ƙwai mara kyau ma yana yi, amma in ka haɗa da jan da ta yi maka bara, zuciyata ta fi karkata can. Akwai kuma tsarin da ake haɗa layin a saman silin, za ka ga jajaye biyu ko uku a ɗaure wuri ɗaya, waɗannan kullum da wuta ko makunni na kashe, kuma baƙa ɗaya daga cikin baƙaƙen ba nutural ba ce, ita ce mai dawowa daga makunni, ya kamata a ce an sa mata jan salatif amma ba kowa ke sawa ba. Wanda ya tattara baƙaƙe duka ya haɗa, yana danna makunni zai ji fam.

Saboda haka wannan ka kira mai wayarin, gano ta sai an gwada da wuta a kunne, ba aikin ɗan koyo ba ne. Ka tsaya kusa ka kalla. In holda mai murɗawa ce laif a ɗan ƙarfen tsakiya take, nutural a zoben gefe inda yatsa ke iya taɓawa. In za ka sa fitila mai nauyi a kafe ta a katako ko kankare, ba a rataya ta a wayarta, mai jikin ƙarfe kuma dole a ba ta atin. Ya zo da tsani na katako ko faiba, a bar hawa kujera.

yaro_mai_sauri:

Baba na karba, Allah ya huci zuciyarka. wlh ban san haka abin yake ba, musamman maganar Hajiya ta tsorata ni dan muma akwai inbata. zan koma in duba wadanda na daura ko akwai wanda ya saki, amma sai na samo mita tukun

ɗan_auta:

Alhamdulillah na dawo da bayani. Soket na gama shi da kaina, na yanke baƙin wajen santimita uku kafin in kai tagulla mai ƙyalli, Allah ya taimaka wayar na da tsawo. Na ja kowace ɗaya bayan ɗaya, baƙa ɗaya ta zame sai da na sake. Fulog ɗin gugar ma na canja, ƙafar dama ta ciccije kamar yadda Baba ya faɗa. Nayi guga kusan minti ashirin na zare na taɓa, ɗumi kaɗan kawai, ba wari ba ƙara.

Mai wayarin ya zo jiya, zancen Baba ne ya tabbata, makunnin kan nutural yake, ba ɗakina kaɗai ba har da na kusa da shi, da ya sa mita a holda makunni a kashe ta nuna masa 228 ni kaina sai da jikina yayi sanyi. Ya gyara daga mahaɗar sama ya sa sabuwar holda, daren jiya ƙwan ya mutu murus. Ya buɗe sauran soket ɗin, huɗu babu atin a haɗe, ya haɗa ya auna yace sandar ƙasan tana nan da kyau. RCD kam babu a akwatinmu, mun yi magana zai dawo ya saka.

Saura ɗaya, fitilar banɗaki holda ce tsirara kuma tururi na kai mata, wace iri ya kamata in nema?

Baba_mai_wayarin:

Nemi rufaffiya mai murfi da zoben roba a baki, ka duba jikin kwalin an rubuta IP44 ko sama da haka, lambar da ke nuna kariyarta daga ruwa da ƙura kenan, in kuma kusa da shawa take inda ruwa ke fantsama kai tsaye IP65. Tunda zai dawo saka RCD ka ajiye ta ya ɗaura maka a ranar, ka ce ya duba makunnin banɗakin shi ma ko kan nutural yake.